BABI NA UKU: CUTUTTUKAN CIN ABINCI DA KALLON SURAR JIKI A TSAKANIN MAZA MASU NEMAN MAZA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo ma'anar cututtukan cin abinci da rabe-rabensu, aka kuma nuna yadda suke kama 'yan mata a ƙasashen Turai da Amurka. A wannan babi za a juya ga wani rukuni na maza wanda bincike ya nuna cewa waɗannan cututtuka sun fi yawa a cikinsa, wato maza masu sha'awar 'yan'uwansu maza. A bakin jama'a an fi kiran su 'yan luwaɗi, sai dai wannan kalma aiki take nufi, alhali masu binciken da za a ambata sun dogara ne ga yadda mutum ya bayyana kansa a takardar tambayoyi ko a gaban likita. Saboda haka za a riƙa cewa "maza masu neman maza". Bayanan da za a kawo daga Amurka da Ingila da Ostireliya suka fito, kuma a kan al'ummomin can kaɗai za a ɗora su.

Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, cutar a wurin waɗannan maza tana da fuska biyu, neman rama da neman ƙwanji a lokaci guda, kuma wannan siffa tata ita ce ke sa ta ɓuya ga likita, har ma ga shi kansa mai ɗauke da ita.

3.1 Yadda Aka Manta da Maza

Tun farkon tarihin cutar akwai namiji a ciki. A shekarar 1689 wani likitan Ingila, Richard Morton, ya bayyana marasa lafiya biyu da suka rame saboda ƙin cin abinci ba tare da wata cuta ta jiki ba, ɗaya budurwa, ɗayan kuma yaro ne ɗan shekara 16. Haka kuma William Gull, wanda ya raɗa wa cutar sunan anoreksiya a 1873, ya ambata cewa yakan gan ta jefi-jefi ga samari. Duk da haka, da tafiya ta yi tafiya sai aka ɗauke ta a matsayin ciwon 'yan mata. Da Gerald Russell ya bayyana cutar bulimiya a Landan a 1979, wato cin abinci fiye da kima a zama ɗaya sannan a bi shi da amai ko maganin wankin ciki, ita ma sai aka sanya ta a wannan sahu.

Wannan ɗauka ta shiga har cikin ma'aunan likitoci. A kundin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka take fitarwa, ɗaukewar jinin haila yana cikin sharuɗɗan tabbatar da anoreksiya, kuma ba a cire shi ba sai a bugu na biyar, a 2013. Takardun tambayoyin da aka fi amfani da su, kamar wadda Garner da Garfinkel suka tsara a Toronto a 1979, a kan mata aka gwada su, kuma wasu daga cikin irin waɗannan takardu suna tambaya ne a kan girman cinya da ƙugu. Namijin da damuwarsa ita ce faɗin ƙirji da kaurin damtse zai amsa su duka ya fita a matsayin lafiyayye. Sai a 2007, da Hudson da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon wani babban bincike na gida-gida a Amurka, aka ga cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu anoreksiya da bulimiya maza ne.

3.2 Abin da Alƙaluma Suka Nuna

Likitocin asibiti ne suka fara lura da lamarin. A 1984 Herzog da abokan aikinsa a birnin Boston sun duba maza 27 masu cutar, suka ga masu neman maza sun yi yawa a cikinsu fiye da yadda ake tsammani. A 1997 Carlat da Camargo da Herzog suka koma kan takardun maza 135 da aka yi wa magani a babban asibitin Massachusetts tsakanin 1980 da 1994. Daga cikin masu bulimiya, kashi 42 cikin ɗari masu neman maza ne ko masu neman maza da mata duka. Wannan adadi ya yi ta yawo a littattafai da jaridu, amma akwai buƙatar a yi hattara da shi. Mutanen da suka kai kansu asibiti ne kawai aka ƙirga, kuma mai yiwuwa ne namiji mai neman mata ya fi jin kunyar zuwa da "ciwon mata", don haka ya zauna a gida bai shiga lissafi ba.

Domin kauce wa wannan matsala sai masu bincike suka fita daga asibiti. Siever (1994) ya raba ɗaliban jami'a gida huɗu: maza masu neman mata, maza masu neman maza, mata masu neman maza, da mata masu neman mata. Sai ya tarar rukunin da suka fi damuwa da kyan sura da rashin gamsuwa da jikinsu su ne mata masu neman maza da maza masu neman maza. Feldman da Meyer (2007) kuwa sun yi hira da mutum fiye da 500 a birnin New York, suna bin sharuɗɗan likitoci. Sun samu cewa sama da kashi 15 cikin ɗari na maza masu neman maza, har da masu neman jinsi biyu, sun taɓa fama da ɗaya daga cikin cututtukan, cikakkiya ko wadda ba ta kai ga cika sharuɗɗa ba, alhali a cikin maza masu neman mata adadin bai kai kashi 5 ba. A tsakanin mata kuwa ba su ga wani bambanci ba. Abin lura a nan shi ne, ko a wannan bincike fiye da kashi 80 cikin ɗari na mazan ba su taɓa kamuwa ba. Ke nan ana magana ne a kan ƙaruwar haɗari, kuma mafi yawan mutanen rukunin lafiyarsu ƙalau ta wannan fuska.

3.3 Asalin Surar da Ake Nema

Kafin a fahimci cutar sai an san irin jikin da ake hanƙoron samu, da kuma inda ya samo asali. Surar ita ce jiki marar kitse ko kaɗan, mai shafaffen ciki da tsokoki a jere, da faɗin kafaɗa da ƙirji. Wannan sura tana da tarihi.

A tsakiyar ƙarni na 20 dokokin Amurka sun haramta neman maza, sun kuma hana aika hotunan batsa ta gidan waya. Sai mujallun masu ɗaga ƙarfe suka zama mafaka, kamar Physique Pictorial wadda Bob Mizer ya fara bugawa a Los Angeles a 1951, domin ana iya sayar da su da sunan motsa jiki. Ta nan ne murɗaɗɗen jiki ya fara zama alama. A shekarun 1970, a unguwanni irin su Castro ta San Francisco, samari suka rungumi shiga ta ma'aikatan ƙarfi, da gashin baki da ƙwanji, a matsayin martani ga zargin da aka daɗe ana yi musu na cewa su ba cikakkun maza ba ne. Wanda aka yi wa gori da laushi tun yana yaro, sai ya ga tsoka ita ce amsar da za ta rufe bakin mai gori.

Abin da ya fi komai tasiri shi ne annobar da ta ɓulla a 1981, lokacin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wasu samari biyar a Los Angeles masu wani irin ciwon huhu da ba a saba gani ba. Babbar alamar wannan cuta ita ce rama. A Yuganda an kira ta da sunan da ke nufin siranta, Bahaushe kuma ya ce mata ƙanjamau, daga ƙanjamewar jiki. A 1987 hukumar ta sanya ramar da ta wuce kashi 10 cikin ɗari na nauyin mutum, tare da gudawa ko zazzaɓi mai daɗewa, a cikin alamomin cikar cutar. A unguwannin da ake jana'iza kusan kullum, ramammen mutum abin zargi ne, ana ganinsa za a ce ya kamu. Saboda haka cikar tsoka ta zama shaidar lafiya da mutum zai nuna ba tare da ya buɗe baki ba. Daɗin daɗawa, likitoci sun riƙa rubuta wa masu cutar sinadarin testosteron da magungunan sitiroyid domin mayar musu da tsokar da ta zube, abin da ya sa waɗannan magunguna suka zama sanannu a cikin al'ummar. Bayan 1996, da sababbin magungunan ƙanjamau suka rage mace-mace, wasu daga cikin na farko-farkonsu sun zo da wata illa: kitse ya zube daga kumatu da hannuwa ya taru a ciki da bayan wuya. Sai ya zama fuska ma tana tona asiri.

'Yan kasuwa su ma ba a bar su a baya ba. A 1982 kamfanin Calvin Klein ya kafa katafaren allon talla a dandalin Times Square na New York, ɗauke da hoton wani ɗan wasan tsalle sanye da kamfai kawai, kuma tun daga nan jikin namiji ya zama hajar talla kamar na mace. Pope da abokan aikinsa (1999) sun auna 'yar tsanar soja ta yara mai suna G.I. Joe, suka nuna yadda damtsenta ya riƙa ƙaruwa daga shekarun 1960 har ya wuce abin da ɗan'adam zai iya samu. Wannan matsi ya shafi dukkan maza. Sai dai da manhajojin neman abokin hulɗa suka zo, irin su Grindr wadda aka buɗe a 2009, inda hoto ne farkon abin da ake gani kuma a kansa ake yanke hukunci cikin daƙiƙa guda, sai nauyin ya ƙara faɗawa kan masu neman maza. Griffiths da abokan aikinsa (2018) sun tambayi irin waɗannan maza fiye da 2,700 a Ostireliya da New Zealand, suka ga yawan amfani da kafofin da suka dogara ga hoto, kamar Instagram, yana tafiya tare da rashin gamsuwa da jiki da alamomin cutar.

Ba kowa ne ya yarda da wannan sura ba. Tun a 1976 masu ƙiba suka kafa ƙungiyarsu a San Francisco mai suna Girth and Mirth, a 1987 kuma aka fara buga mujallar Bear domin masu kauri da gashin jiki. Amma su ma daga baya sai suka samu nasu ma'aunin na wanda ya cika da wanda bai cika ba.

3.4 Ra'ayoyin Masana a Kan Dalili

Da farko ya kamata a kawar da wani zato. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire neman jinsi ɗaya daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta yi haka a 1990. Masanan da ake magana a kansu a nan ba su ɗauki sha'awar a matsayin tushen cutar cin abinci ba. A yanayin rayuwa suka nemi dalili. Ra'ayoyi biyu ne suka fi ƙarfi.

Na farko shi ne na Siever, wanda ya ce idon namiji ya fi na mace dogara ga sura wajen zaɓen abokin tarayya, don haka duk wanda yake son ya burge namiji, mace ce ko namiji, zai shiga matsi iri ɗaya. Fredrickson da Roberts (1997) sun faɗaɗa irin wannan tunani game da mata, inda suka nuna cewa wanda aka saba kallo kamar kaya a kasuwa, a ƙarshe shi ma da wannan ido zai riƙa kallon kansa, yana sa ido a kan jikinsa dare da rana, yana jin kunyar duk inda ya gaza. Ga namiji mai neman maza akwai ƙarin abu guda: jikin da yake sha'awa da jikin da yake kwatanta kansa da shi iri ɗaya ne. Abokin tarayyarsa shi ne kuma madubinsa.

Na biyu shi ne ra'ayin Ilan Meyer (1995, 2003) game da damuwar da ke samun tsirarun da ake ƙyama. A ganinsa, tsangwama a makaranta, da tsoron kora daga gida, da ɓoye kai na shekaru, da kuma ƙyamar da mutum yake juyowa da ita kan kansa, suna taruwa su zama wani nauyi na dindindin da ke buɗe ƙofa ga baƙin ciki mai tsanani da fargaba da shaye-shaye. Cutar cin abinci tana shiga ta wannan ƙofa. Yaron da ba shi da iko a kan abin da ake faɗa masa, yana da iko a kan abin da zai sa a bakinsa. Yunwa kuma takan dusashe tunani na ɗan lokaci, haka ma cika ciki.

Idan aka auna ra'ayoyin biyu za a ga kowanne yana da giɓi. Ra'ayin Meyer shi kaɗai bai bayyana dalilin da ya sa mata masu neman mata, waɗanda su ma suna fuskantar ƙyama, ba su nuna irin wannan bambanci ba a binciken New York. Ra'ayin Siever kuma bai bayyana dalilin da ya sa alamomin kan fara tun ƙuruciya ba, kafin yaro ya shiga wata hulɗa ko ya san wata al'umma. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne ƙyamar ce ke raunana mutum, ma'aunin sura kuma shi ke nuna wa raunin hanyar da zai bi.

3.5 Yadda Cutar Ke Aiki da Yadda Take Ɓuya

Neman rama da neman ƙwanji abubuwa ne masu karo da juna, domin tsoka ba ta ginuwa sai da abinci mai yawa, kitse kuma ba ya zubewa sai da rage shi. Don haka mai neman su duka yakan raba shekararsa biyu: watannin ci domin gina jiki, da watannin yunwa domin tsoka ta fito fili, musamman gab da lokacin zafi da bukukuwa. A cikin watannin yunwar ne haɗari yake.

Gwajin da Ancel Keys ya gudanar a Jami'ar Minnesota a 1944 zuwa 1945 ya nuna abin da yunwa ke yi wa lafiyayyen namiji. An rage wa samari 36 abinci zuwa kusan rabi har wata shida, suka rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Sai tunaninsu ya koma kan abinci kacokan, wasu suna tara littattafan girki, suka zama masu saurin fushi da keɓe kai, da aka sake su kuma wasu suka riƙa ci ba tsayawa. Wato yunwar da kanta tana haifar da ci marar iyaka. Wanda ya faɗa cikin wannan ci sai kunya ta kama shi, ya nemi biyan bashi da amai, ko maganin wankin ciki, ko awa uku a gidan motsa jiki, daga nan ya koma yunwa, abin ya zama zagaye. Yawan amai yana zubar da sinadarin potasiyam, wanda ƙarancinsa ke rikita bugun zuciya har ta tsaya. Ruwan ciki yana cinye bayan haƙora, kumatu kuma su kumbura. Maganin wankin ciki kuwa ruwa kawai yake fitarwa, tun da a babban hanji yake aiki, bayan ƙaramin hanji ya riga ya tsotse amfanin abincin. A anoreksiya, sinadarin testosteron yana raguwa, ƙashi ya yi rauni. Arcelus da abokan aikinsa (2011) sun haɗa bincike masu yawa suka samu cewa mace-macen masu anoreksiya sun ninka na tsaransu fiye da sau biyar, kuma ɗaya cikin biyar na waɗanda suka mutu kashe kansu suka yi.

Ɗaya fuskar ita ce wadda Pope da Katz da Hudson suka gano a 1993 a tsakanin masu ɗaga ƙarfe, suka kira ta anoreksiya ta juye: ƙato ne mai ƙwanji, amma idan ya dubi madubi ɗan tsurut yake gani. Irin wannan mutum yakan bar aiki ko zumunci don kada ya rasa atisaye, ba ya cin abincin da bai auna ba, yana iya sa manyan riguna a lokacin zafi don ɓoye jikin da yake ganin bai kai ba. Daga nan zuwa allurar sitiroyid taki ɗaya ne. Blashill da Safren (2014) sun duba bayanan yara maza 'yan makarantar sakandare fiye da 17,000 a Amurka, suka samu cewa kashi 21 cikin ɗari na masu neman maza ko jinsi biyu sun taɓa amfani da sitiroyid ba da izinin likita ba, alhali a cikin sauran kashi 4 ne. Illolin maganin sun haɗa da ƙanƙancewar 'ya'yan maraina, da rashin haihuwa, da fitowar nono, da kaurin tsokar zuciya, da baƙin ciki mai tsanani idan aka daina.

A nan ne matsalar ɓuya take. Budurwar da ta rame, iyayenta za su tsorata. Saurayin da ke auna shinkafarsa da sikeli, yana zuwa motsa jiki sau biyu a rana, yabo yake sha, ana cewa mai kula da lafiya ne. Nauyinsa a ma'aunin asibiti daidai yake ko ma ya ɗan haura, don haka likita ba zai yi tambaya ba. Kowane ƙarin yabo kuma ƙarin itace ne a wutar.

3.6 Neman Magani

Räisänen da Hunt (2014) sun yi hira da samari masu cutar a Ingila, suka ga da yawansu sun shafe watanni, wasu shekaru, ba su gane abin da ke damun su ba, saboda sun ɗauka ciwon mata ne, wasu kuma da suka je asibiti ba a ɗauki kukansu da muhimmanci ba. Ga mai neman maza akwai shinge na biyu, domin bayyana tushen damuwarsa yana nufin bayyana abin da wataƙila ya ɓoye wa kowa.

Hanyoyin magani da aka fi amincewa da su biyu ne. Ga manya akwai hanyar gyaran tunani da ɗabi'a wadda Christopher Fairburn ya inganta a Oxford, inda ake fara dawo da cin abinci a kan lokaci sau da yawa a rana domin a karya zagayen yunwa da ci, kafin a taɓo yadda mutum ya ɗora dukkan darajarsa a kan surarsa. Ga yara kuwa akwai hanyar asibitin Maudsley na Landan, wadda ke ɗora wa iyaye alhakin ciyar da ɗansu har ya farfaɗo. Wannan hanya ta biyu tana buƙatar gida mai haɗin kai, kuma ba za ta yiwu ga yaron da iyayensa suka kora ba, ko wanda tsoronsu yana cikin abin da ya jefa shi a cutar.

Ta fuskar rigakafi, Brown da Keel (2015) sun gwada wani shiri na zama biyu da ɗalibai maza masu neman maza a Amurka, inda ake sa su su soki waccan sura da bakinsu da kuma a rubuce, su lissafa abin da nemanta ke ci musu na kuɗi da lokaci da lafiya. Waɗanda suka shiga shirin sun nuna raguwar rashin gamsuwa da jiki da alamomin bulimiya idan aka kwatanta da waɗanda ke jiran layi. Sai dai mako huɗu kacal aka bi sawunsu bayan kammalawa.